Sakan 30 daga Waƙarka: Haɗa Sautin Kiran Waya da Hannunka

(Kiɗan buɗe shiri, sannan ya lafa)

Jama'a masu saurarenmu, wannan filin faɗakarwa ne kan wayar hannu da abin da ke cikinta.

Kwanakin baya na shiga motar haya, an cika ta maƙil, muna cikin tafiya sai waya ta yi ƙara. Mutum huɗu ne suka kai hannu aljihu a lokaci guda, ni ne na biyar. Ashe duk wayoyinmu na kamfani ɗaya ne, kuma babu wanda ya taɓa canza sautin da tasa ta zo da shi daga kanti. Aka yi dariya, wanda aka kira ya ɗauka, mu kuma muka mayar da namu aljihu da 'yar kunya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, na tabbata kowannenmu yana da waƙoƙi fiye da ɗari a memori. Waƙar tana nan, wayar tana nan, abin da ya rage kawai a yanko guntu a ɗora. To yau a kan wannan yankan za mu yi magana.

Amma bari mu fara raba abu biyu da ake yawan haɗawa, don wannan ruɗanin ya ci kuɗin mutane da yawa. Akwai sautin da kai mai waya kake ji idan an kira ka, wanda samari ke cewa ringin ton. Akwai kuma waƙar da mai kiranka yake ji a kunnensa kafin ka ɗauka, wato kola tun. Wannan ta biyun ba a cikin wayarka take ba. Tana can wajen kamfanin layi, hayarta kake yi, ana cire kuɗin daga katinka duk mako ko duk wata, kuma kai da kake biya ba ka ma jin ta. Na farkon kuwa fayil ne da ke zaune a cikin wayarka kamar hoto. Ba ya cin kati, ba ya cin data, ko babu sabis na intanet zai yi ƙara. Duk wanda ya ce sai ka yi rajista kana biya wata-wata kafin wayarka ta yi maka waƙar da ke cikin memorinka, ka riƙe aljihunka.

Manya a cikinmu za su tuna lokacin da wayar GSM ta shigo Nijeriya a shekarar 2001. A wancan zamani waya ba ta iya rera waƙa, ƙyar-ƙyar kawai take yi, sauti ɗaya bayan ɗaya kamar mai busa sarewa shi kaɗai. Wanda ya riƙe Nokia 3310 ya san akwai wani wuri a cikinta da ake kira Composer, inda ake danna lambobi a haɗa kiɗa. Na tuna muna kwafar waɗannan lambobi a bayan littafin makaranta, ka ɓata rabin yini kana dannawa, ka kuskure lamba ɗaya kiɗan ya karkace. Daga baya aka samu wayoyi masu fitar da sautuka da dama a tare, sannan masu ɗaukar waƙa ta gaske da muryar mawaƙi. A ƙasashen Turai abin har ya zama babbar kasuwa. A Finlan aka fara sayar da sautin kira ta waya a 1998, kuma a 2005 waƙar wani kwaɗon katun mai suna Crazy Frog, wanda ya yi suna a matsayin sautin waya, ta hau saman jerin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya.

Ga kuma wani abu da zai ba ku sha'awa. Sautin nan na Nokia da kowa ya haddace, wanda ko yaro zai iya yi maka da baki, ba kamfanin ne ya ƙirƙire shi ba. Yanko shi aka yi daga wani kiɗan jita mai suna Gran Vals, wanda wani makaɗi ɗan ƙasar Sifen, Francisco Tárrega, ya tsara a 1902. Mutumin ya rasu a 1909, bai taɓa ganin wayar hannu ba. Kiɗan nasa na mintuna ne, aka ɗauki 'yan sakanni daga ciki, kuma waɗannan 'yan sakannin suka zagaye duniya. Ke nan sautin kira mafi shahara a doron ƙasa aikin mai yanka ne da ya san inda zai sa wuƙa. Aikin da za ka yi yau shi ne irin wanda suka yi.

To ina za ka sa wuƙar? A nan ne gwanintar take, ba a danne-danne ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki waƙa sukutum a ɗora. Wayar za ta karɓa, ba za ta yi musu ba, amma daga farkon waƙar za ta fara. Ku kuwa kun san yadda waƙoƙinmu suke farawa. Idan ta gargajiya ce, makaɗa sai sun ɗan gyara hannu, sanƙira ya yi kirari, a gaishe da mai gida, kafin a shiga waƙar sosai. Ɗauki Bakandamiyar Mamman Shata, ai ba waƙar da za ka tsaya jira a cikin aljihu ba ce. Idan ta zamani ce, sai an ambaci sunan situdiyo, fiyano ya shigo a hankali kamar mai sanɗa. Kafin a kai wurin da kake so, mai kira ya gaji ya kashe. Ni kaina na taɓa rasa kira uku a rana ɗaya saboda waƙar da na sa tana farawa da sauti ƙasa-ƙasa, ina cikin kasuwa ban ji ba, kuma ɗaya daga ciki kiran ciniki ne.

Saboda haka ka nemi amshi. Amshi shi ne inda kiɗa ya cika, muryoyi suka haɗu, kuma shi kunne yake ganewa nan take. Saurari waƙar da agogonta a gabanka, ka lura a wane minti da wane sakan amshin ya faɗo, da inda ya sauka. Sakan 20 zuwa 30 ya wadatar. Da wuya kira ya wuce minti ɗaya yana ƙara kafin layi ya yanke, kuma yawancinmu muna ɗauka tun kafin a kai sakan 10. Wato sakanni biyar na farko su ne sautin kiranka na gaskiya, sauran rakiya ce.

Abu na biyu, ka tuna da wace lasifika za a ji abin. Lasifikar waya ba ta fi farcen yatsa girma ba, kuma ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da sauti mai kauri. Kiɗan da ke girgiza ƙirji a gidan biki, irin dukan tambari ko bes na situdiyo, idan ya shiga waya sai ya ɓace, ka ji kamar ana buga kwali. Abin da ke ratsa hayaniya shi ne sauti siriri mai kaifi: algaita, sarewa, kukuma, kuntigi irin na Ɗan Maraya Jos, saman kalangu, muryar 'yan amshi. Idan waƙa tana da wuri biyu da kake so, zaɓi wanda ya fi kaifi. Kada ka yi gwajin da abin kunne a ɗaki shiru, zai yaudare ka. Sa wayar a aljihu, fita bakin titi, ka sa wani ya kira ka.

(Gajeren kiɗa)

Masu saurare, idan yanzu kuka kamo mu, muna magana ne kan yadda mutum zai yanko guntun waƙar da ke cikin wayarsa ya mayar da shi sautin kira.

Yanzu ga aikin hannu. Kana buƙatar waƙar a matsayin fayil, yawanci MP3, irin wadda aka tura maka ta Bluetooth ko Xender ko aka zuba maka a memori. Waƙar da ka ajiye a cikin manhajar saurare irin Spotify ba za ta yi ba, domin a kulle take, manhajar kaɗai ke iya buɗe ta. Idan bidiyo ce, sai an fara cire sautin daga hoton, kuma yawancin manhajojin yanka suna yin wannan.

A wayoyin Android, irin su Tecno da Infinix da itel da Samsung, ka shiga Play Store ka nemi manhajar yanka sauti. Suna da yawa, kuma aikinsu kusan iri ɗaya ne. Mai kwamfuta kuma yana da Audacity, kyauta ce, ta daɗe ana amfani da ita. Idan ka buɗe waƙar za ka ga wani zane kamar jerin duwatsu. Inda dutsen ya yi tsawo, sauti ya yi ƙarfi. Inda ya kwanta, shiru ne ko ƙasa-ƙasa. Za ka ga sanda biyu, ɗaya ta farko, ɗaya ta ƙarshe. Ja ta farkon zuwa daidai inda amshi ya faɗo, ja ta biyun zuwa inda ya sauka, ka saurara.

A nan nake so ku ba ni kunnenku sosai. Kada ka bar ko ɗan shiru a gaban yankan, ka fara daidai kan dukan kiɗa. Kada ka yanke mawaƙi a tsakiyar kalma, ka bari ya sauke baitinsa. Sannan ka sani waya tana maimaita sautin idan ya ƙare ba a ɗauka ba, wato wutsiya za ta haɗu da kai. Idan ka yanka a inda kiɗa ya kammala zagayensa, mai ji ba zai ma gane an koma farko ba. Idan ka yanka a karkace, kowane zagaye sai an ji tuntuɓe. Dabarar ita ce ka riƙa tafi da hannu kana bin kiɗan; inda tafin ya dawo mafarinsa, nan ne wurin yanka. Matan da suka saba daka su biyu ko uku a turmi ɗaya sun fi kowa sanin wannan lissafi, don sun san inda taɓarya za ta faɗa tun kafin ta faɗa.

Manhajojin suna da wani zaɓi na sa sauti ya shigo a hankali ko ya fita a hankali. Na fita yana da kyau, sakan ɗaya ko biyu a ƙarshe. Na shigowa kuwa ka bar shi, ai matsalar da muke gudu ke nan. Akwai kuma wurin ƙara ƙarfin sauti. Ka ƙara kaɗan idan waƙar tsohuwar ɗauka ce daga kaset, amma da zarar ka ji muryar ta fara fashewa ka koma baya, ka wuce gona da iri.

Idan ka gama, ka ajiye da sabon suna, kada ka danne asalin waƙar. Kuma duk lokacin da za ka sake gwadawa, koma kan asalin, kada ka yanka daga yankakke, domin duk sake ajiyewa yana iya rage ingancin MP3, kamar kaset da aka kwafa daga kwafi. Kada girman fayil ya dame ka. Sakan 30 na MP3 mai matsakaicin inganci bai kai rabin megabait ba, hoto ɗaya na biki ya fi shi nauyi.

Saura ɗorawa. Buɗe ma'ajiyar fayiloli ta wayar, ka shiga ma'adanar cikin waya, ba memori ba, za ka ga wata jaka mai suna Ringtones. Kwafi yankan naka ka zuba a ciki. Daga nan ka shiga saitin waya, wurin da aka rubuta Sound, ka nemi Ringtone, za ka tarar da sunan fayil ɗinka a jerin. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Tawa da wayarsu ke kan Faransanci, ku shiga Paramètres ku nemi Sonnerie, abu ɗaya ne. Me ya sa na ce cikin waya ba memori ba? Saboda ranar da ka cire memori ka ba aboki aro, ko ya lalace, wayar za ta nemi sautin ta rasa, sai ta koma wanda ta zo da shi. Haka ma idan ka goge fayil ɗin yayin share tarkace. Mutane da yawa suna kai waya wajen mai gyara a kan wannan, alhali lafiyarta ƙalau.

Mai layi biyu ya lura, yawancin wayoyi suna ba kowane sim nasa sautin, sai ka saita su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ma alheri ne: layin kasuwa da sautinsa, layin gida da nasa. Kiran WhatsApp kuma yana da nasa saitin a cikin WhatsApp ɗin. Masu ƙaramar waya mai maɓalli da tocila, ba a bar ku a baya ba. Yawancin irin waɗannan wayoyi idan suna ɗaukar memori, za ka je kan waƙar ka danna zaɓi ka mayar da ita sautin kira. Sai dai ba su iya yanka, sai wani mai babbar waya ya yanka ya turo maka ta Bluetooth.

Masu iPhone hanyarku ta ɗan bambanta. An daɗe ana bi ta manhajar GarageBand, a shigar da waƙar, a yanke ta kada ta wuce sakan 30, a fitar da ita a matsayin sautin kira. Daga iOS 26 da ya fito a 2025 an sauƙaƙa, idan fayil ɗin bai kai sakan 30 ba kana iya ɗora shi kai tsaye daga ma'ajiyar fayiloli.

Amfanin da na fi so a duk wannan harka bai shafi gayu ba. Waya tana bari ka ba kowane mutum sautinsa. Ka buɗe sunansa a jerin lambobi, ka nemi wurin sautin kira, ka zaɓa masa. Sharaɗin kawai shi ne lambar ta kasance a cikin waya ko asusun Google aka ajiye ta, ba a kan sim ba, domin sim suna da lamba kaɗai yake riƙewa. Ku yi tunanin tsohuwar da ba ta karanta boko, ko idonta ya yi rauni, ko makaho. Duk kira sai ta nemi yaro ya duba mata wane ne. Na yi wa wata gwaggona wannan aiki: na ɗauki muryar jikokinta da rikodar waya, kowane gida da muryar ɗansa yana kiran sunanta, na ɗora a kan lambar iyayensu. Yanzu tun wayar na cikin ɗaki ta san daga wane gida ne. Ba waƙa kaɗai ake yankawa ba, duk abin da waya ta iya ɗauka zai yi. Direba da ɗan acaɓa ma za su amfana, su san kiran da ya cancanci a tsaya a gefen hanya da wanda zai iya jira.

Sai dai a yi hattara da manhajojin nan. Mai yanka sauti yana buƙatar izinin ganin waƙoƙinka, kuma idan shi zai ɗora maka sautin zai nemi izinin taɓa saitin waya. Wannan daidai ne. Idan ya nemi jerin lambobinka kana iya hana shi, ka ɗora wa mutane da kanka. Amma manhajar da ta nemi karanta saƙonninka na tes, me ya haɗa yankan waƙa da saƙo? Nan ne lambobin sirri na banki suke shigowa. Goge ta nan take. Kuma kada ka karɓi manhaja daga wayar wani ko daga wani shafi da ba ka sani ba don gudun kashe data. 'Yar datar da ka tsimi ba ta kai abin da za ka iya asara ba.

Maganar haƙƙi kuma gajeruwa ce. Ka yanka don aljihunka, wannan daban. Ka yanka waƙoƙin mutane kana sayarwa a shago ko kana watsawa, ka shiga gonar mawaƙi, kuma Nijeriya tana da dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da ke kare shi. Mawaƙin nan kuɗi ya biya a situdiyo.

Akwai wata magana da ba zan tsallake ba, don na san wasunku tun ɗazu ita suke jira. Mutane da yawa, da kyakkyawar niyya, suna sa karatun Alƙur'ani ko kiran salla a matsayin sautin kira, suna ganin ya fi kiɗa. Malamai sun duba wannan. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka ta yanke a 2007 cewa bai halatta a mayar da ayoyin Alƙur'ani sautin faɗakarwa a waya ba, kuma Muftin Masar na lokacin, Ali Juma'a, ya yi irin wannan fatawa a 2010, har ya haɗa da kiran salla. Dalilansu kowa zai gane su. Idan ka ɗauki kira ka yanke aya a tsakiya, kuma yankewa a wani wuri tana iya juya ma'ana. Waya tana ƙara a banɗaki, tana ƙara a inda ake shewa. Idan kiran wanda kake gudu ne, sai ka yi tsaki ka danne, alhali aya ce ke fita. Kiran salla kuma yana iya ruɗa na kusa da kai game da lokaci, musamman a watan azumi. Mai son ƙarin bayani, ko mai tambaya kan waƙoƙin bege da ambaton Allah, ya je wajen malaminsa, ni nawa aikin waya ne.

Wanda ya zaɓi waƙa kuma, ya tuna ba shi kaɗai zai ji ba. Kai ka san waƙar, ka ji ta sau ɗari. Mutanen da ke zaune da kai ne za ta faɗo wa ba sallama. Na taɓa zama a wurin ta'aziyya, ana tsakiyar addu'a, sai kiɗan biki ya tashi daga aljihun wani bawan Allah, har da guɗa. Yana laluben wayar a cikin babbar riga, aljihu ya ƙi ba da ita, guɗar kuwa ta zagayo karo na biyu, don yankan ya yi kyau. Ban taɓa ganin gumi ya karyo wa mutum da sauri haka ba. Ga dabarar da za ta cece ka a irin wannan hali: a kusan kowace babbar waya, danna maɓallin rage sauti na gefe sau ɗaya yana kashe ƙarar ba tare da yanke kiran ba, kuma kana iya lalubo shi ta saman riga.

Saboda haka kafin ka tabbatar da yankanka, yi masa gwajin ƙarshe. Sa wani ya kira ka, ka saurara kamar kana durƙushe gaban surukinka. Idan ka ji za ka iya ɗago kai, bar shi. Idan ba haka ba, koma kan asalin waƙar ka nemi wani wurin. Kuma don Allah, jama'a, komai daɗin abin da kuka yanko, idan kun iso ƙofar masallaci ko coci, ko ɗakin marar lafiya, ko maƙabarta, a sa waya a shiru tun kafin a cire takalmi.



(Kiɗan rufe shiri)